Sunan da Na Kusa Sa wa Maƙalata

Ƴan uwa, a taronmu na watan jiya aka ɗora mini rubutu kan zane-zane da adon da ake gani a majami'un Kiristocin yankinmu. Ni ɗan Ƙonni ne, Musulmi, ina karatun kimiyyar harshe, kuma na ɗauka aikin kwana biyu ne. Rubutun kam bai ba ni wuya ba. Sunan da zan sa mishi ne ya cinye mini mako uku.

Sunan farko da ya zo mini shi ne "Masu Gumaka da Marasa Gumaka". Na nuna wa wata abokiyar karatuna ƴar Katolika. Ta karanta, ta miƙo mini takardar, ta ce: "To, mu ne arnan ke nan?" Wallahi kunya ta kama ni. A Hausa, gunki abin da ake bauta wa ne a madadin Allah. Haka malamanmu ke faɗinta a wa'azi, haka kuma take a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Ka ga ke nan tun kafin mai karatu ya shiga layin farko na riga na yanke hukunci. Ita kuwa abin da take gani a majami'arsu, mutum-mutumin Maryamu ne da hotunan wahalar Yesu, masu tuna mata da labarin.

Wannan gardama ta girme mu duka. Martin Luta ya fara ja da shugabannin ikilisiya a Jamus a 1517. A 1522 wasu magoya bayansa a garin Witinbag suka fara fitar da hotuna daga majami'u, shi da kansa ya dawo ya yi wa'azin a daina. Har ma yana da aboki mai zane, Lukas Kiranak, wanda ya yi ta zana shi. A Zurik ta ƙasar Suwis aka kwashe hotuna a 1524, a ƙasar Holan kuma jama'a suka farfasa su a 1566. Katolika sun ba da tasu amsar a babban taron Tiranto a 1563, inda suka ce girmamawar da ake yi wa hoto tana komawa ne ga wanda aka zana. Saboda haka cewa Furotesta ba su da zane ma kuskure ne. Rambaran, shahararren mai zanen Holan, ya zana labaran Littafi Mai Tsarki masu yawa a ƙasar Furotesta.

Sai na koma suna na biyu: "Fasahar Gyara da ta Adawa da Gyara". Haka littattafan tarihi na Faransanci da yawa ke kiran zamanin. Amma dubi yadda yake fita a bakin Bahaushe. Wa ke son a kira shi mai adawa da gyara? Sunan ya mai da wani ɓangare mai gaskiya, ɗayan kuma mai taurin kai. Su kansu masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kansa, wasu sun fi son a ce "gyaran Katolika". Kalmar Furotesta ma daga ƙin amincewa ta fito: a 1529 a garin Shifaya wasu sarakunan Jamus suka ƙi yarda da hukuncin majalisa, sunan ya bi su. Katolika kuwa daga Girkanci take, ma'anarta "na kowa da kowa". Kowane suna da kayan da ya ɗauko.

Na uku na nemo shi a kan titi: "Ƴan Fada da Ƴan Mishan". Haka mutane ke cewa, kuma akwai tarihi a ciki. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, limaman Katolika suka kafa tasu a Yamai a 1931, sannan SIM ta buɗe likitar Galmi a 1950, wadda yau take cikin yankin Malbaza. Duk wanda ya taso tsakanin Ƙonni da Illela ya san wani da aka kai Galmi. Na karanta wa wani dattijo Kirista na can wannan suna, ya yi dariya ya ce: "Yaro, an haife ni nan, ubana ma nan. Har yaushe zan zama ɗan baƙi?" Ya yi gaskiya. Sunan yana jingina su ga Turawan da suka zo, alhali masu ikilisiyar yau Hausawa ne ƴan ƙasa.

Shi ne kuma ya buɗe mini ido kan abin da na tsallake. A majami'arsu gicciyen ba kowa a kansa, bango kuwa ayoyi ne aka rubuta da fenti. Adonsu yana cikin waƙa, da gangar zumuntar mata, da atamfar da suke ɗinkawa iri ɗaya. Da na tsaya ga hoto kaɗai, da na auna su da mudun wasu, na ce ba su da komai.

Wani zai ce wannan duk a kan suna? E. Mun ji abin da ya faru a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki. A ƙasar da aka yi haka, kalmar "gunki" a kan takardar da za ta bi hannun matasa ba abin wasa ba ce.

Daga ƙarshe na kira kowa da sunan da yake kiran kansa, na kuma ambaci abin da ido da kunne ke samu kawai: "Hoto, Rubutu da Waƙa a Majami'un Katolika da na Ikilisiyar Bishara". Ya yi tsawo, na sani, mai buga mana ma ya yi gunaguni. Na nuna wa mutanen nan biyu, ba wanda ya mayar mini da takardar. Maƙalar za ta fito a ɗan littafinmu na gaba, in Allah ya yarda.