Modem na Ciki da Modem na Waje: Tarihin Wata Gardama

Wayar tarho don muryar ɗan Adam aka shimfiɗa ta. Kwamfuta kuwa ba ta san murya ba, sai lambobi biyu, wato sifiri da ɗaya. Modem shi ne tafinta tsakaninsu: yakan mai da lambobin su zama sauti, ya tura su ta waya, sa'an nan ɗan'uwansa da ke ɗaya gefen ya sake mai da sautin lambobi. Kamfanin tarho na Amurka, AT&T, ya fitar da Bell 103 cikin 1962, mai gudun bit 300 a daƙiƙa. A wancan zamani kamfanin ya yi babakere a kan layukansa, bai yarda kowa ya jona wata na'ura da ba tasa ba, har sai da hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke hukuncin Carterfone cikin 1968. Saboda wannan takura ne aka daɗe ana amfani da wani akwati mai kofuna biyu na roba, a kifa kan tarho a kansu. Wanda ya buga ƙofa da ƙarfi a ɗakin yana iya ɓata saƙo.

Mutane da yawa suna zaton modem na waje shi ne na asali a kwamfutocin gida, na ciki kuwa daga baya aka ƙago shi don araha. Tarihin kamfanin Hayes bai nuna haka ba. Abin da Dennis Hayes da Dale Heatherington suka fara sayarwa a Atlanta cikin 1977 kati ne da ake cusawa a cikin kwamfuta, daga baya kuma suka yi wani katin don Apple II. Wahalar ita ce kowace irin kwamfuta da nata ramin, kati ɗaya ba ya shiga biyu. Don su huta da wannan ne suka fito da Smartmodem cikin 1981: akwatin alminiyam mai tasa 'yar ƙwaƙwalwa, wanda aka yanka daidai yadda tarhon tebur zai zauna a kansa. Ana jona shi ta ƙofar RS-232, wadda kusan kowace kwamfuta take da ita, ana ba shi umurni da haruffa masu farawa da AT. Wannan harshen umurni ya bi duniya, har masu yin katin ciki suka kwaikwaye shi.

Gardamar ta yi zafi ne sa'ad da gudu ya ƙaru. Ƙa'idar V.32bis ta 1991 ta kai bit 14,400 a daƙiƙa, V.34 ta 1994 ta kai 28,800. A kan wannan gudu na biyu, ɗauko fayil mai megabayit ɗaya yakan ci kusan minti biyar, kuma a ƙasashe da dama da minti ake biyan kuɗin tarho. In layi ya tsinke ana dab da gamawa, sau da yawa sai a koma farko. Saboda haka tambayar wane modem ya fi riƙe layi ba ta masu son surutu ba ce, magana ce ta aljihu.

Masu goyon bayan na waje suna da hujjoji na gani da ido. A gabansa akwai jerin fitilu: wata ta nuna an ɗaga layi, wata ta nuna an sami amsa daga can, wasu biyu suna ƙyaftawa in saƙo na fita ko yana shigowa. Da kallo ɗaya ma'aikaci zai gane ko haɗin ya mutu ko jinkiri ne kawai. In ya sandare, yana da makunninsa, a kashe shi a kunna ba tare da an taɓa kwamfutar ba, alhali na ciki wani lokaci sai an kashe injin gaba ɗaya. Yana da tasa wutar, yana nesa da zafi da hayaniyar lantarki ta cikin akwati. Bugu da ƙari, in tsawa ta bi ta wayar tarho, ya fi sauƙi ta tsaya a kansa, ko da yake ba a rasa lokutan da takan zarce ta ƙone ƙofar kwamfutar.

Amma a farkon shekarun 1990 akwai wani aibi da na waje yake da shi wanda ba nasa ba ne. A bakin ƙofar RS-232 akwai 'yar na'ura mai karɓar haruffa. Tsoffin samfurinta, 8250 da 16450, harafi ɗaya tak suke iya riƙewa. Modem mai matse bayani yakan turo har bit 57,600 a daƙiƙa zuwa ƙofar, wato haruffa 5,760. In ƙwaƙwalwar kwamfutar ta shagala da wani aiki ko da na ƙiftawar ido, sabon harafi sai ya hau kan tsohon, fayil ya lalace, mai shi kuma ya zagi kamfanin tarho. Samfurin 16550A, mai riƙe haruffa 16, shi ya magance wannan, kuma katunan ciki masu kyau sukan zo da irinsa a jikinsu. Ke nan a kan tsohuwar kwamfuta, na ciki yana iya fin na waje aminci. Tasa matsalar dabam ce. A kwamfutocin IBM da masu kwaikwayonsu, ƙofofin COM1 da COM3 layin kira ɗaya suke rabawa, haka COM2 da COM4. Wanda ya sa linzami a COM1 ya kuma sa modem a COM3, da ya motsa linzamin sai saƙo ya tsaya.

Abin da ya zubar da mutuncin katin ciki ya zo ne wajen 1996, lokacin da U.S. Robotics ya fitar da Winmodem, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. An cire 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan katin, aka ɗora aikinta a kan manhajar Windows da babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta. A wasu samfurin ma har sarrafa sautin aka ɗora mata. Farashi ya faɗi ƙwarai, masu harhaɗa kwamfuta suka riƙa cusa shi a kowane inji. Sai dai an gudu gara an faɗa gidan zago. Sauti ba ya jira: in kwamfutar tana fama da wani nauyi, katin ba zai amsa wa ɗan'uwansa a kan lokaci ba, layi ya tsinke. Masu amfani da Linux kuwa yawancinsu ba su sami manhajar da za ta tashe shi ba sam. Modem na ƙofar RS-232 dole ne ya zo da cikakkiyar ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa shawarar "sayi na waje" ta zama gajeriyar hanyar cewa "sayi cikakke". Da modem na USB suka yawaita, wasunsu ma irin Winmodem ne a cikin akwati, sai shawarar ta daina aiki.

Duk da haka, ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Ƙa'idar V.90 ta 1998, wadda ta raba gardamar X2 da K56flex, ta yi alkawarin bit 56,000, amma da sharaɗin gefen mai ba da intanet ya kasance na dijital, kuma sau ɗaya kawai za a juya sauti zuwa lambobi a kan hanya. A Amurka ma dokar ƙarfin sigina ta tsayar da shi wajen 53,000. Tsatsa a mahaɗar waya, doguwar tafiya zuwa ofishin tarho, ƙarar kira mai jiran layi, ko yaro ya ɗaga tarhon ɗaya ɗakin, kowannensu yana yanke haɗi ba tare da ya tambayi inda modem yake zaune ba. A Nijeriya, inda layukan tarho na ƙasa ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan wayar salula cikin 2001, damina takan jiƙa wayoyi ta kuma kawo tsawa, kuma samun layin shi kansa ya fi zaɓen modem wuya.

Kamfanin Hayes bai ga ƙarshen gardamar ba. Ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi cikin 1994, ya sake nema cikin 1998, aka sayar da kadarorinsa cikin 1999. U.S. Robotics kuwa 3Com ya saye shi tun 1997. Ƙa'ida ta ƙarshe, V.92, ta fito cikin 2000, daidai lokacin da layukan DSL da na kebul suka fara kwashe masu amfani a Amurka da Turai. Haruffan AT ɗin nan na 1981 su ne suka rayu: da su aka ci gaba da ba modem na wayar salula umurni.