Daga takardar haraji zuwa lambar NIN

Dattawan Tafoki, a ƙasar Faskari, ba su manta da zamanin da takardar haraji ce shaidar mutum ba. Magidanci in zai tafi cin rani sai ya naɗe ta ya cusa a aljihu, domin ɗan doka na iya tare shi a tasha ya ce a nuna. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Talaka ya huta, amma takardar da hukuma ta san shi da ita ta bi harajin.

A shekarar ce kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa sashen rajistar 'yan ƙasa. Aka yi shekara ashirin ana kashe kuɗi, kati ko ƙeyarsa. Sai da Obasanjo ya dawo a farar hula aka ba kamfanin Sagem na Faransa kwangilar dala miliyan 214, aka fita rajista a 2003. Wasu manyan Arewa suka yi ɗari-ɗari da ita, suna ganin dabara ce ta rage mana yawa a ƙidaya da zaɓe. Duk da haka mutum sama da miliyan 50 suka bi layi. Katin da aka buga bai kai miliyan 40 ba, kuma kafin shekarar ta ƙare an sauke ministan ƙwadago Hussaini Akwanga, hukumar ICPC ta gurfanar da shi da wasu manya bisa zargin cin hanci a kwangilar.

A 2007 aka kafa sabuwar hukumar rajista, NIMC, aka koma farko. Yanzu ba katin ne abin nema ba, lamba ce mai alƙalumma 11, wato NIN. Kwamfuta tana son ranar haihuwa, tsohon da ya san dai an haife shi da kaka, shekarar fari, sai a rubuta masa 1 ga Janairu. Tana son zanen yatsu goma, ga hannun da fartanya ta cinye, a goge a sake ɗorawa har a gaji. A takarda rajistar kyauta ce. Kuɗin mota zuwa Faskari ko Funtuwa, da wunin da aka bar gona, ba wanda ya lissafa su.

Mutane ba su damu da lambar ba sai a Disamban 2020, watan da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan ne ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN, wai don a gano masu kiran neman kuɗin fansa. Jama'a suka yi dafifi a ofisoshin rajista, ana tsakiyar korona.

A Satumban 2021, a mulkin Gwamna Masari, aka katse sabis saboda matsalar tsaro a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Wanda ya sha rana ya haɗa layinsa da wanda bai haɗa ba, duk wayarsu ta zama tocila har Disamba. Sabis bai yi wata huɗu cikakku da dawowa ba, ranar 4 ga Afrilun 2022, aka hana layuka sama da miliyan 70 da ba a haɗa ba yin kira a faɗin ƙasar.