Daga baƙin fenti zuwa kwamfuta: tarihin ɓoye abu a bayan abu a fim

Ɗora hoto a kan hoto ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne a sa jirgin ƙarya ya shige bayan benen gaske, ya ɓace, ya sake ɓullowa ta ɗaya gefen ba tare da mai kallo ya ankara ba. Masu sana'ar fim sun haura shekara ɗari suna fama da wannan.

Bafaranshen nan Georges Méliès, wanda asalinsa mai rufa-ido ne a dandali, yana cikin na farko. A 1898 yakan toshe wani sashe na hoton da baƙi, ya ɗauka, ya mayar da fim ɗin baya, sannan ya cike gurbin da ya bari. Da haka ya cire kansa ya ajiye a kan tebur. A 1903 Edwin Porter ya bi irin wannan hanya a Amurka, ya nuna jirgin ƙasa na wucewa ta tagar ofishin tasha a The Great Train Robbery. Sai dai murfin, wato baƙin da ke toshe sashen hoton, kafaffe ne. Taga ba ta motsi, mutum kuwa yana yi.

Frank Williams ya sami mafita a 1918: a tsayar da ɗan wasa gaban baƙin labule, a fitar da inuwarsa ta zama murfi mai tafiya tare da shi. Daga baya shuɗi ya maye gurbin baƙi, har Larry Butler ya ci kyautar Oscar da The Thief of Bagdad na 1940.

Amma ba komai ake iya kaiwa gaban labule ba. Nan na'urar Max Fleischer ta shigo, wadda ya yi wa rajista a 1917 don zanen katun. Ana haska hoto a jikin gilashi, mai zane ya bi gefen abin da hannu, hoto ɗaya bayan ɗaya. Kowace daƙiƙa hoto 24 ce, ke nan minti guda zane 1,440. Aikin haƙuri ne tsantsa, kuma ba kasafai ake tuna masu yin sa ba.

Kwamfuta ta mayar da murfin lissafi. A ƙarshen shekarun 1970 Ed Catmull da Alvy Ray Smith suka ƙara wa kowane ɗigon hoto lamba ta huɗu bayan ja da kore da shuɗi, wadda ke faɗin ko ana hango abin da ke bayansa. Thomas Porter da Tom Duff suka tsara ƙa'idojin haɗawar a 1984, manhajar After Effects ta fito a 1993.

Yau, idan ana son mota ta shige bayan ginshiƙi, mai tace fim yakan kwafi ginshiƙin da ke gaba, ya zagaye shi da layi, ya ɗora a sama, ya cusa motar a tsakani. Gashi da hayaƙi dai har yanzu suna ba manhaja wahala, shi ya sa ba a rabu da aikin hannu ba, kuma manyan kamfanonin Hollywood kan tura da dama daga cikinsa zuwa Indiya.