Kunya da Lallashi: Rawar Iyaye Lokacin Jarrabawa a Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta yi nazari kan yadda iyaye a ƙasar Daura ke tallafa wa ɗa lokacin fargabar jarrabawa da bayan faɗuwa. Ta nuna cewa alkunya, wadda ke takaita hira tsakanin mahaifi da ɗansa, ta tanadi wasu bakuna da lallashi zai bi ta kansu.

Gabatarwa

Ɗalibin da ke kammala sakandare a Daura ko Baure ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa yana fuskantar ƙofofi biyu. Ta farko ita ce jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta NECO, inda ake buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ta biyu ita ce ta JAMB mai maki 400, wadda tun 2015 ake rubutawa a kwamfuta kaɗai. Yaron ƙauye da bai saba da madannai ba yana shiga ɗakin da tsoro biyu: na tambaya da na na'ura.

Tushen Nazari

A 1967 Liebert da Morris sun raba fargabar jarrabawa gida biyu: zullumin zuciya, da alamun jiki irin su gumi da faɗuwar gaba. Zullumin ne ya fi rage ƙwazo. A gidan Bahaushe, zullumin ɗalibi yakan ta'allaƙa da kuɗin rajista. Wanda ya ga an kai tunkiya kasuwar Mai'aduwa don a biya masa, ba takarda kaɗai yake tunani ba. Yana tunanin yadda zai ɗaga ido ya dubi Baba.

Tattaunawa

Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya da haƙuri cikin halayen da Hausawa ke yabo. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta zauna lallashinsa a gaban jama'a. Yaron da ya duba sakamako a waya ya ga D7 a Lissafi, wato bai sami kiredit ba, yakan ɗauki shirun nan a matsayin fushi. Sai ya ƙi tuwon dare, ya ƙulle kansa a shago.

Nan ne kaka da gwaggo da kawu ke da aiki. Kaka na da ikon wasa da jika, don haka tana iya cewa, "Mai gida, taso ka ci, baɗi ma shekara ce," ya saurara. Abin da ke rusa wannan shi ne gori da kwatanta yaro da ɗan maƙwabta.

Ya kamata iyaye su san cewa faɗuwa ba koyaushe take nuna ragwanci ba. A 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997, aka sake musu jarrabawa.

Kammalawa

Bayan lallashi sai nuna hanya. Kwasa-kwasai da dama na karɓar sakamakon zama biyu, akwai kuma jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Akwai kuma inda zai nemi gurbi kusa da gida: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Yusufu Bala Usman duk suna cikin Daura. Maƙalar na ba da shawarar iyaye su zaɓi wanda zai yi magana da yaro tun kafin sakamako ya fito, domin kada shiru ya riga lallashi isa gare shi.