Makaniken Sito a Bulabulin, Daga Sikeli Zuwa Inji

Duk wanda ya ratsa Bulabulin da hantsi, ya ga manyan motoci sun yi sahu a bakin sito-sito da ke maƙwabtaka da Kasuwar Litinin, 'yan dako suna ta kai da komo da buhunan shinkafa da sukari da fulawa, alhali attajiri na zaune bisa benci da littafin lissafinsa, to, da wuya hankalinsa ya kai ga wani bawan Allah da ke durƙushe a lungu, riga duk baƙin mai, wanda in ba don shi ba da cinikin ranar nan bai yiwu ba. Wannan shi ne makaniken sito, wanda dattawa ke kira fita.

Sunan unguwar kansa, a harshen Barebari, ma'anarsa sabon gari, kuma Yerwa, wato Maiduguri, ita ma ba tsohon birni ba ce, gama a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a nan. Sa'ad da kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka buɗe kantuna a ƙasar Barno suna sayen gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro, sai ya zama abu na farko da ke bukatar gwani a cikin sito shi ne sikeli, domin a kansa haƙƙin manomi da na ɗan kasuwa yake ratayawa. Ƙurar hunturu takan shige masa, nauyin buhu yakan cinye bakin ƙarfen da yake lilo a kai, har ya soma ƙarya ba da niyyar kowa ba. Sai mai gyara ya zo da duwatsun awo, ya kwance, ya goge, ya daidaita. A ganina wannan aiki ya fi kusa da hisba bisa ga ƙira, tun da yake Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗi ga masu tauye mudu, malaman fiƙihu kuwa sun ɗora wa muhtasibi alhakin binciken ma'auni a kasuwa. Mutumin da zai iya karkatar da sikeli da ɗan juyin sufana, amma ya ƙi saboda tsoron Allah, lalle ya riƙe amanar da ba kowane alƙali ake jarrabawa da irinta ba.

A wancan zamani kaya a mota suke tafiya zuwa Jos ko Nguru, inda jirgin ƙasa ya isa tun 1930. Da dogo ya iso Maiduguri a 1964 sai harka ta bunƙasa, aka sami ƙwararrun fitoci na reluwe da na ma'aikatar ayyuka, waɗanda yara suka yi almajirci a hannunsu. Tarbiyyar kuwa irin ta zaure ce: yaro ya shekara yana wanke sufana da miƙa giris, bai taɓa inji ba, sai maigida ya ga ladabinsa da haƙurinsa, sa'an nan ya fara buɗe masa sirrin sana'a, ya koya masa gane ciwon inji da kunne tun kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wancan ciniki, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Sito ya juya daga wurin tara abin da za a fitar zuwa wurin rarraba abin da aka shigo da shi, wanda fatake ke ɗauka har Gamborun Ngala da Chadi da Kamaru. Aikin fita kuma ya koma kan janareto da injin ɗinkin buhu da famfon ruwa da ɗakin sanyi, da baro da kura waɗanda kullum ƙafarsu ke neman walda.

Ba a san darajarsa sosai ba sai da masifu suka jeru. A Janairun 2021 aka rusa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, gari ya yi watanni cikin duhu, duk mai kayan da ke lalacewa ya zama rayuwar dukiyarsa tana hannun mai gyaran janareto. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Litinin. A Satumbar 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Bulabulin da Gwange da fadar Shehu. Da ya janye, waɗannan mutane ne suka zauna cikin laka suna kwance injuna ɗaya bayan ɗaya, suna wankewa, suna shanyawa, har wanda aka fid da rai da shi ya sake tashi.

Abin da ke damuna shi ne, dattawan da suka ga zamanin sikelin gyaɗa suna ƙarewa, iliminsu kuwa a ƙirji yake, ba a takarda ba. Ina roƙon ɗalibanmu na Jami'ar Maiduguri da na Kwalejin Ramat su je su zauna gabansu da alƙalami, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Attajirai kuma, don Allah, ku biya makanike ladansa kafin guminsa ya bushe.