Kwashe muhimman kundaye kafin a sake girka tsarin uwar kwamfuta

Uwar kwamfuta, wadda ma'aikata ke kira sarba, ita ce na'urar da sauran kwamfutocin biro ke ajiya a cikinta. A ƙungiyar manoma ko asusun bashi, nan ne sunayen ƴan ƙungiya suke, da lissafin kuɗinsu. Tana aiki ne bisa wani babban tsari, kamar Linux ko Windows Server. Tsari yakan lalace, yakan kuma tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina gyara Windows Server 2012 a watan Oktoba na 2023, don haka mai wannan tsari ya kamata ya sauya.

Ka sani, mai karatu, sake girka tsari sau da yawa yana share faifan ajiya baki ɗaya. Kamar rushe rumbu ne domin a gina sabo: sai an kwashe hatsi tukuna. Ko da ba kai ne gwanin na'ura ba, in dai sunanka ko kuɗinka na ciki, kana da damar tambayar mai gyara abin da ya kwashe.

Takardu da hotuna ba su da wuyar tunawa. A Linux, yawancinsu suna cikin jakar da ake kira /home. Abin da aka fi mantawa shi ne jakar /etc, inda aka rubuta yadda aka daidaita na'urar da sunayen masu izinin shiga. Taskar lissafi kuwa ta fi kome son lura. In aka kwafe ta tana cikin aiki, kwafin na iya fitowa a gurgunce. Sai a tsayar da ita tukuna, ko a fitar da bayananta da abin aikin da aka yi don haka, kamar mysqldump ga taskar MySQL. In an kulle faifan da kalmar sirri, a tabbata shugaba ya adana ta.

Masana sun ce a riƙe kundaye uku, wato na asali da kwafi biyu, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya kuma a wani gida dabam saboda gobara ko ɓarayi. Kwafin da aka bari a wani sashe na faifan da za a share, wannan ba ajiya ba ce. Kile USB tana da araha, amma saurin ɓacewa gare ta, ba a dogara da ita kaɗai.

Kada ka yarda da "an kwashe" ta baki. Ka sa a jona kwafin ga wata kwamfuta, a buɗe lissafin watan jiya a gabanka, a gwada jimillarsa da ta littafin ma'aji. In wuta ta ɗauke ana tsakar kwafi, a sake daga farko. Sai lissafi ya yi daidai sannan a ba mai gyara izinin share faifan.