Idon Kamara da Rabuwar Kai a Birnin Yamai

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, shi ya sa hoto yake da wani kwarjini wanda labarin baka bai kai shi ba. Sai dai hoto ba ya ɗaukar kansa. Akwai wanda ya riƙe kamara, akwai inda ya tsaya, akwai kuma wanda ya yarje masa tsayawa a wurin. Duk wanda ya bi diddigin rabuwar kai a birnin Yamai ta hanyar hotuna, zai tarar cewa yawancin rigingimun daga gefe guda aka ɗauko su.

Tun asali da rabuwa aka shata birnin. Bayan da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a shekarar 1926, sai suka keɓe wa kansu unguwar Filato, kwarin Gunti Yena ya shiga tsakaninsu da unguwannin ƴan ƙasa. A wancan zamani kamara tana hannun Bature ne galibi, don haka abin da ya fi yawa a tsofaffin hotuna shi ne gine-ginen mulki da kasuwa da bakin kogi, ƴan ƙasa kuwa su ne abin kallo.

Rabuwa mafi zafi ta zo da ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, inda jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce "a'a" ga tsarin Janar de Gaulle, ta kuwa sha kaye. Aka haramta ta a 1959, Diori Hamani na jam'iyyar RDA ya karɓi ƴancin kai a 3 ga Agusta 1960. A Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba suka kutso daga kan iyakoki, aka murƙushe su, aka harbe huɗu daga cikinsu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilu 1965 kuma aka jefa wa Diori gurneti a wurin sallar layya, ya tsira. A duk tsawon wannan lokaci jaridun birnin, Le Temps du Niger da Le Niger, na gwamnati ne da jam'iyyarta, abin da suka ga dama shi jama'a ke gani. A inda zargi kaɗai ya isa a tsare mutum, ba kowane gida ke da ƙarfin halin ajiye hoton ɗansa ɗan Sawaba ba. Sai da masanin tarihi Klaas van Walraven ya bi waɗanda suka rage daga cikinsu yana sauraron bakinsu, ya fitar da littafinsa a 2013, kafin ɓangaren da ya sha kaye ya samu cikakken ji.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940, yake zaga Yamai da kamararsa. Hotunansa na baƙi da fari sun kama wani birni dabam: samari da ƴan mata a gidajen rawa, sojojin Faransa da na Nijar, kwat da ɗankwali a teburi guda. Shi kansa baƙo ne daga gaɓar teku, a birnin da ya kori dubban ƴan Dahomey a ƙarshen 1963 saboda rikicin tsibirin Lete. Aikinsa shaida ne na gaskiya, amma na dare ne da na masu albashi. Manomin da fari ya koro cikin gari ba ya da kuɗin hoto. Da hoto mai launi ya shigo sai kasuwarsa ta mutu, kuma ko da yake an baje aikinsa a Bamako da Turai, cikin talauci ya rasu a 2014.

Daga 1990 al'amura suka sake. A 9 ga Fabrairu na shekarar jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu, lamarin da ya share hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991 da jaridu masu zaman kansu. Kamara ta fita daga hannun hukuma, amma hotunan da suka fi zaga duniya na kamfanonin dillancin labarai ne, su kuwa hayaƙi suke nema. Haka aka ga zanga-zangar ƙin bikin tufafi na FIMA a Nuwamba 2000. Haka kuma aka ga tarzomar Janairu 2015 a Damagaram da Yamai kan zanen jaridar Charlie Hebdo, wadda ta ci rai goma, aka ƙona coci-coci fiye da 40. Wutar ta shiga hoto, amma shekarun da Musulmi da Kirista suka yi suna maƙwabtaka a unguwa ɗaya ba su samu mai ɗauka ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hoton da duniya ta riƙe shi ne na matasa ɗauke da tutar Rasha a ƙofar ofishin jakadancin Faransa. Da yake yaƙin Rasha da Yukren ya cika idon Turai, da wannan ma'auni aka fassara hoton, alhali fushin da ke cikinsa yana da tushe a nan gida tun zamanin Sawaba.

Saboda haka malamin da zai koyar da tarihi da hoto, ya kamata ya saba wa ɗalibansa da tambayoyi uku: wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, wa aka bari a waje? Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aikin da ba ya jira. A cikin akwatunan tsofaffi da shagunan hoto da suka rufe akwai hotunan aure da suna da taron jam'iyya, waɗanda gara da zafi ke ci kullum. In aka tattara su, aka rubuta sunaye da shekaru tun masu sanin fuskokin suna raye, aka damƙa kwafinsu ga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ko Gidan Tarihi na Boubou Hama, to ƴan baya za su ga Yamai daga kowane gefe na kwarin.